Ludayi Ɗaya, Tukunya Biyu

Shekara ashirin da shida ina girki a gidan aurena, kuma a dangi da girkin nan aka san ni. Duk ɗan'uwan da hanya ta biyo da shi gidanmu yake sauka, ni kuwa babu abin da nake so kamar in ga falo cike da mutane, farantai na kai da komo. A wancan lokacin, abin da na ɗauka karamci shi ne a cika wa baƙo kwano har ya yi tozo, a tsaya a kansa ana "ƙara mana", in ya ce ya ƙoshi a ce ai bai ci komai ba. Idan mutum ya ce mini ba ya cin wani abu, sai in ji kamar girkina ya raina. Nakan ce a raina tsirfa ce kawai, ko kuwa bai taɓa samun wanda aka dafa da kyau ba ne.

Yau shekara takwas ke nan da ranar da Allah ya nuna mini kuskurena, kuma a jikin yaro ɗan shekara shida ya nuna mini.

Ƙanwar maigidana ce za ta zo mana da ɗanta. Ana saura kwana biyu ta kira ni, muka gaisa, ta ce, "Yaya, don Allah ki kula mini da yaron nan, jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Likita ya ce ko ɓurɓushinta kada ya shiga bakinsa." Na ce mata kada ta damu. Amma ina ajiye wayar na ce a raina, ta dai shagwaɓa ɗa ne, yaushe gyaɗa ta zama dafi?

Ranar da suka zo na yi miyar kazar da kowa ke yabo, wadda nake kaɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki don ta yi kauri. Shi kuma yaron na ɗora masa wata 'yar tukunya daban, tumatir da albasa da kaza kawai. Na raba tukunyar ne don in fita haƙƙin uwarsa, amma zuciyata ba ta yarda da maganarta ba. Kuma wanda bai yarda da abu ba, hannunsa ba ya kiyaye shi. Tukwanen biyu suna kan wuta gefe da gefe, ludayi ɗaya ne a hannuna. In juya wannan, in juya waccan.

Bai yi minti goma da fara ci ba ya ce, "Mama, bakina yana mini ƙaiƙayi." Ni ce na yi saurin cewa yaji ne, a ba shi ruwa. Uwarsa kuwa cokalin hannunta ta saki. Kafin in kawo ruwan leɓɓansa sun haye, borin jini ya feso masa rudu-rudu a wuya da hannuwa, ya fara wani irin tari, muryarsa ta dishe, numfashinsa na fito kamar ana busa cikin kara. Ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ɗauko wata allura mai kama da biro, ta danna masa a gefen cinya ta kan wando, ta rungume shi a zaune, ta hana shi miƙewa. Ta ce, "Yaya, ki ce wa Yaya ya fito da mota." Ban san lokacin da na fita tsakar gida ba takalmi ba.

A asibiti likita ya tambayi abin da ya ci. Na yi maza na ce tukunyarsa daban na yi masa, babu gyaɗa a ciki. Ya dube ni ya ce, "Da me kika juya?" A nan bakina ya mutu.

Bai yi mini faɗa ba, bayani ya yi mini, kuma har yau ina riƙe da shi. Ya ce a jikin mai irin wannan alaji, garkuwar jiki ce take ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai ta tashi gaba ɗaya, maƙogwaro ya kumbura, jini ya yi ƙasa. Ya ce tafasa ba ta kashe furotin ɗin, suya ma haka, kuma ɗan abin da ya maƙale a bayan ludayi ya isa. Allurar da uwarsa ta yi masa adirenalin ce, ita ce maganin farko idan numfashi ya taɓu. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana iya kwantar da ƙuraje, amma ba ta buɗe hanyar iska. Suka riƙe shi ya kwana, domin abin yakan lafa sannan ya dawo bayan wasu sa'o'i.

A bakin gadonsa muka kwana ni da uwarsa. Can cikin dare na ce mata ta yafe mini. Ta ce, "Yaya, ai na san ba da gangan kika yi ba. Amma na faɗa miki." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan nan ba su daina zuwa gidanmu ba, sai dai duk zuwan da za su yi da 'yar kularta take tafe, abincin ɗanta a ciki. Ta ajiye ta a gefen teburina, ta zuba masa, mu kuma mu ci namu. Ban taɓa ganin laifinta ba. Amma kular nan, duk ranar da na gan ta sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Daga nan na fara koyon abin da nake zaton na iya. Na sayi littafin rubutu na ajiye a kicin, kowane baƙon da ya saba zuwa na ba shi shafinsa. Na koyi karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwali da gwangwani, wanda a da ko kallonsa ba na yi. A nan na gane cewa gyaɗa ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da aka fi jin tsoro. A Amurka abubuwa 9 doka ta tilasta wa masu sarrafa abinci su bayyana a jikin kwali: madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu da almon, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a farkon 2023. Tarayyar Turai kuwa 14 take lissafawa. Kusan duk abubuwan nan suna cikin kicin ɗina, ina zuba su yadda na ga dama. Man gyaɗa ma na bincika. Wanda masana'anta ta tace sosai yawanci furotin ɗin ya fita, wanda aka matse kai tsaye kuwa yana ɗauke da shi. Ni dai idan yaron zai zo, duka biyun nake kawarwa, ba na gwaji da ɗan mutane.

Ina ganin na gama koyo sai ga darasi na biyu, kuma shi ya fi sauya yadda nake girki. Surukina ya dawo wurinmu da zama don jinya. Yana da ciwon suga, yana da hawan jini, daga baya ƙodarsa ma ta fara rauni. Saboda tsoron da ke raina tun abin da ya faru, sai na wuce gona da iri. Na riƙa dafa masa nasa daban: kabeji da aka tafasa har ya yi laƙwas, kifi fari fat babu mai babu gishiri, 'yar shinkafa cikin tafin hannu. Mu kuma ga namu yana ta ƙamshi a gabansa. Bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai ya fara cewa a kai masa ɗaki, daga baya kwanon ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi.

Wata rana na shiga na durƙusa na ce, "Baba, ko abincin ne bai yi ba?" Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "'Yata, ƙoƙarinki ina gani. Amma farantin nan da ake ajiye mini daban, kullum shi ke tuna mini ni majinyaci ne. Gara in ci a ɗaki, ba na kallon kowa, babu mai kallona."

A daren na gaya wa maigida cewa daga gobe tukunya ɗaya za a riƙa yi, irin wadda Baba zai iya ci, mai son ƙarin gishiri ya barbaɗa a farantinsa. Yara suka yi ƙunƙuni na 'yan makonni, sannan harshensu ya saba. Ashe dukanmu muna buƙatar ragin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, alhali abin da mutane ke ci a duniya ya ninka haka har da ɗoriya. Kuma ba na cikin kwalba kaɗai ba ne. Dunƙulen ɗanɗano da nake jefa huɗu biyar a tukunya, kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne, haka kifin gwangwani da burodi.

Da na rage gishiri da dunƙule, dole na nemo daɗi a wani wurin, kuma a nan na san ban taɓa ba albasa haƙƙinta ba. A da minti biyu nake soya ta in zuba tumatir. Yanzu nakan yanka manya uku, in sa ɗan mai, in rage wuta, in bar ta kusan minti ashirin da biyar ina juyawa, har ta yi ruwan zuma ta narke. Wannan kaɗai yana ba miya zaƙi da jiki. Tumatir da tattasai kuma nakan gasa su har bayansu ya ɗan ƙone kafin in markaɗa, sai tsamin ya tafi, ƙamshin hayaƙi ya shiga. Masoro da sauran kayan ƙamshi nakan ɗumama su a busasshen kasko kafin in daka, ƙamshinsu yakan tashi ninki. Tafarnuwa da citta ɗanye nake sawa, kuma ba tun farko ba, don kada su ƙone su yi ɗaci. Babban sirrin shi ne lemon tsami. Idan na ɗanɗana miya na ji kamar wani abu ya rage, hannuna a da gishiri yake nufa. Yanzu nakan sauke tukunyar in matse rabin lemo, kuma sau da yawa abin da ya ragen ke nan.

Farantin Baba kuwa na daina auna masa a gaban mutane. Mai kula da abincin masu ciwon suga ta koya mini raba faranti da ido: rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko kaza ko ƙwai, kwata shinkafa ko dankali. Sai na riƙa zuba wa kowa haka, mai son ƙari ya ƙara. Baba ya dawo tebur.

Sau biyu na kusa sake yin ɓarna da kyakkyawar niyya, kuma ina so duk mai jinyar dattijo ya ji su. Na ga wani gishiri da aka rubuta cewa na masu hawan jini ne, na saya da murnata. Allah ya sa na nuna wa likitansa kafin in buɗe. Ya ce in kawar da shi, domin irin wannan gishirin fotasiyam ake sawa a madadin sodiyam, kuma ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da fotasiyam, in ya taru yana iya hargitsa bugun zuciya. Shi ya ce in rage masa ayaba da lemon zaƙi da yawan tumatir, dankali kuma in yanka ƙanana, in tafasa a ruwa mai yawa, in zubar da ruwan. Daga nan na rage tumatir a tukunyar gida, albasa da tattasai suka cike gurbin.

Na biyun kuwa lokaci ne. Muna jiran wasu baƙi da suka makara, na ce a dakata a ci tare, ban tuna Baba ya riga ya yi allurar insulin ɗinsa ba. Sai gani na yi gumi na keto masa, hannunsa na rawa, maganarsa ta fara harɗewa. Aka gwada, sugansa ya faɗi ƙasa da 70. Muka narkar da babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, wajen giram 15, ya sha, bayan minti 15 aka sake gwadawa, sannan ya ci abinci. Tun daga ranar, mai allura ko ƙwayar ciwon suga ba ya jiran kowa a gidana, ko wane ne ake jira.

Sauran sun zo mini da sauƙi, don na riga na koyi yarda da abin da aka faɗa mini. 'Yata ta kawo ƙawarta daga jami'a, yarinya mai kunya, ta ce, "Mama, ba na cin alkama, amma kada ki wahalar da kanki, na ci abinci kafin in taho." Na zaunar da ita ta yi mini bayani. Cutar siliyak gare ta, wadda gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yake lalata wa mai ita bangon ƙaramin hanji, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana da ita. Ita ta ba ni labarin Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda ya lura yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi lokacin yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da burodi ya yi wuya, suka koma ciwo da burodin ya dawo. Ta ce kafin a rubuta wa abinci cewa babu gulutin, sai bai wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya ba. Da na ji haka na san matsamin da nake tsane taliya ba zai taɓa shinkafarta ba, haka man da aka soya kazar da aka turbuɗa a fulawa. Shinkafa, masara, dankali, wake, duk tana ci. In zan kaurara miya saboda ita, sitacin masara nake damawa.

Akwai abokin aikin maigida da ba ya cin nama sam. A da, tsame naman zan yi in miƙa masa miyar. Yanzu na san romon ma nama ne, kuma dalilinsa nasa ne, ba sai ya kare kansa a gabana ba. Akwai kuma masu shan madara cikinsu ya ɗuri ƙugi. Wannan ba alaji ba ne, jikinsu ne ba ya narkar da sukarin madara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya haka suke, wasu sosai wasu kaɗan. Yawancinsu yogot ba ya damunsu sosai. Amma mai alajin madara ko yogot ɗin ba zai taɓa ba, don haka ba na haɗa su a shafi ɗaya.

Tambayar da nake yi yanzu, a waya nake yin ta, kwana biyu ko uku kafin zuwan baƙo, ba a gaban jama'a ba: akwai abin da jikinka ba ya so, ko likita ya hana ka, ko kai da kanka ka bari? In aka ce akwai, sai in ƙara da ta biyu: in cokali ya taɓa shi ma matsala ce? Amsar wannan ita ke gaya mini ko raba kwano ya isa, ko kuwa sai abin ya bar kicin gaba ɗaya. Kuma na cire "ɗan ɗanɗana mana, kaɗan ba ya komai" daga bakina. Mutane da yawa sun ci abin da ya cutar da su don kawai kunyar mai gida.

Watanni kaɗan da suka wuce aka haɗu a gidanmu, mu goma sha huɗu. Baba yana nan, ƙawar 'yata tana nan, abokin aikin maigida da iyalinsa, ga ƙanwar maigida da ɗanta. Tun da daddare na kwashe gyaɗa da fulawa da taliya na kulle a kabad. Da safe na wanke tukwane da katakon yanka da sabon soso da sabulu, na goge teburin kicin. Ban yi girki kala bakwai ba. Na dafa farar shinkafa zalla. Na yi miyar albasa da gasasshen tattasai babu nama babu romo babu dunƙule. Na gasa kaza da lemon tsami da tafarnuwa da masoro, na yanka kusa da ƙashi na tabbatar babu ja. Na dafa wake da albasa don wanda ba ya cin nama ya samu abin da zai riƙe masa ciki. Na ɗan soya kabeji da koren wake da karas sama-sama, suna ƙaras-ƙaras. Na yanka kankana da abarba, na ajiye ruwan sanyi da yankan kokwamba a ciki. Kowane kwano da cokalinsa, gishiri da yaji a ƙananan mazubai a tsakiya. Kwalaye da kwalaben duk abin da na yi amfani da shi na jera su a gefe a kicin, ban zubar ba.

Yaron nan yanzu shekararsa goma sha huɗu, ya kusa fin uwarsa tsawo. Suna shigowa ya gaishe ni, ya wuce kicin kamar yadda ya saba, ya ɗauki kwalbar mai ya karanta bayanta, ya duba kwalin kayan ƙamshi, ya leƙa tukwane. Ya ce, "Mama, ludayin wannan fa?" Na nuna masa, kowace tukunya da nata a kan murfinta. Ya gyaɗa kai ya fita.

Sai da aka zauna, Baba ya ja kwanon kabeji gabansa, sannan na lura hannun ƙanwar maigida jakarta ce kawai. Na duba gefen tebur inda ta saba ajiyewa, na duba bakin ƙofa. Na ce, "Ko kin bar kular a mota ne, a ɗauko?" Ta miƙa wa ɗanta faranti ta ce, "Ban zo da ita ba, Yaya. Zuba masa."